Yadda Na Sauke wa Maigida Molo

Ni malamin firamare ne a Anka, kuma na yi shekara bakwai ina kaɗa wa wani mawaƙi molo. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba, sai don 'ya'yansa suna durƙusawa su gaishe ni har yau. Maigida muke ce masa, ni da 'yan amshinsa biyu. Mutumin Gummi ne, dogo, mai tsabtar riga, mai son a fara yi masa sannu tun bai sauko daga babur ba. Murya kuwa Allah ya ba shi. Wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba, ni kuwa ina cikin maƙiyan.

Shi bai iya molo ba, ko ɗaurin tsirkiya bai sani ba. Ƙaninsa ne yake kaɗa masa tun suna samari, har ciwon ciki ya ɗauke shi a wata damina, gab da shiga shekara ta dubu biyu. Aka bar Maigida da murya, da molo a rataye, da waƙoƙin da suka fi ƙarfin kai ɗaya. Kowane Ardo yana da takensa, kowane manomi mai ji da kansa yana da nasa, kuma in ka kuskura ka kaɗa wa wannan taken wancan, ka gama zama a garin. Ni ina ɗan taɓa molo tun ina makarantar horon malamai, don jin daɗin kaina kawai. Maigida ya ji ni a wani suna, ya aiko a kira ni, ya ɗora mini molon marigayi a cinya.

Hannu ina da shi, amma kaina ba ya riƙe abu da yawa. Sai na yi dabarar malaman boko. Na gasa ƙusa a wuta, na yi wa wuyan molon tabo tara, daga sama zuwa kusa da fata, na kuma yi alama a inda ɗaurin kowace tsirkiya yake zama don kada ya goce. Na sayo littafin rubutu irin na 'yan aji shida. A kowane shafi na ja layi uku, layi ɗaya tsirkiya ɗaya, na riƙa rubuta lamba a kan layin, wato tabon da yatsa zai danna. Duk wani tsohon kaset da marigayi ya kaɗa a ciki sai da na nemo shi. Ina saurare ina mayarwa baya, har batir ya mutu in sayo wani. Wata huɗu na yi a kan wannan aiki. Da muka fara fita, nakan shimfiɗa littafin a tabarma, in danne shafin da dutse, ina kallo ina kaɗawa. Mutane suka yi ta dariya, wai ga molo ya shiga boko. Suka yi suka gaji, don kiɗan yana fita.

Abin da littafin ya sani shi ne inda yatsa zai sauka. Bai san wanda yake waƙar ba, bai san ko ya kwana da mura ba. Marigayi yana kaɗawa ne can kusa da fata, inda sautin yake da tsini, domin a zamaninsa muryar Maigida can take. A duk littafin babu lambar da ta yi ƙasa da huɗu a babbar tsirkiya.

A shekarata ta biyu muka je wani suna a Zugu. Mun taso da sassafe a kan babur, ruwa ya kama mu a hanya, muka iso jagab. Maigida yana da al'ada, kafin ya fara sai ya yi gyaran murya, ya ja gaisuwa ga jama'a da ɗan rerawa, sannan molo ya shiga, sannan shi ya hau kan molon. Ran nan da ya ja gaisuwar nan, sai na ji ta zauna ƙasa da inda na saba jin ta. Idona yana kan biyar, yatsana ya danna huɗu. Na ga bakwai, na danna shida. Haka na bi shafin har ƙarshe, ido yana karanta abu ɗaya hannu yana yin wani. Maigida ya hau kan kiɗan lafiya lau, ya yi waƙarsa, aka yi ta guɗa. Bai san an yi komai ba.

Kada wani ya ce ai cire ɗaya ne kawai, ɗan aji biyu ma zai iya. Ina! Tabon ba tazararsu ɗaya ba, in ka sauko sai yatsa ya ɗan zarce tabon ko ya tsaya kafin ya kai, kunne ne kaɗai zai gaya maka. Wani wurin sai ka bar tsirkiyar da aka rubuta ka tsallaka ta kusa da ita. Ƙaramar tsirkiyar nan kuma da ba a dannawa, wadda take ƙara ɗaya tilo, in ka sauko sai ta riƙa faɗa da sauran, dole ka kwantar mata da gefen hannu ta yi shiru. Duk wannan kana yi ne waƙa tana gudu, babu tsayawa, babu waiwaye, ga 'yan amshi a kanka, ga mai biki yana jiran a kira kakansa. Nakan tashi daga tabarma rigata ta jiƙe sharkaf, shi kuwa yana gyara hula yana karɓar gaisuwa.

Na ɗauka ruwan sama ne ya jawo, gobe za ta dawo. Ba ta dawo ba. Bayan shekara biyu sai da na sauko da tabo biyu, daga baya uku. Goro, hanya, shekaru, ban san wanne ba ne. Kullum daga gaisuwarsa nake sato inda muryar take, in shimfiɗa masa kiɗan daidai wurin, shi kuma ya taka yana zaton shi ne yake bin molo. Wata rana ya ce da ni, “Malam, ƙaramar tsirkiyar ga ta bar magana.” Na ce ta tsufa ne, Maigida. Ya ce, “To, mu dai muna nan. Muryata tana nan kamar ranar da anka haihe ni.” Na ce haka ne. Ban gaya masa ba, domin mawaƙin da aka ce wa muryarsa ta fara sauka, daga ranar tsoro zai kama maƙogwaronsa. Kuma ina son mutumin nan, wallahi ina son shi, shi ya sa abin da ya biyo baya ya ƙona ni haka.

Shekarun nan an tsuke wa makaɗa wuri a cikin gari, sai ƙauyuka da rugage, da rana tsaka, a gama kafin magariba. Fita ta yi wuya, kowace ɗaya ta zama abin ji da ita. Sai ga wani Ardo a yankin Gwashi zai aurar da 'ya'yansa maza uku rana ɗaya, ya aiko wa Maigida da goro. Aka ce har wani mai naɗar kaset zai zo daga Gusau da na'urarsa, a ɗauki waƙar a kai kasuwanni. Ni na yi ta murna kamar wawa. Na sake wa molon tsirkiya, na ɗinka sabuwar riga.

Ashe matar Maigida tana da ƙane, magidanci mai rumfar gyaran rediyo a Gummi, wanda ya iya garaya kuma ya yi makaranta. An daɗe ana zuga Maigida cewa abin alheri ya zauna cikin gida. Da ya kira ni gefe ya ce Malam ka yi haƙuri, da na yi haƙuri, in ji ciwo in haɗiye. Amma ina! Ranar kasuwar Gummi, a rumfar mai goro, gaban mutane sun fi goma, ya ce, “Malam, ka kawo man molon ƙanena da littahin nan. Ɗan'uwan maiɗakina za shi kama aikin.”

Na ce, “Maigida, laihin mi niy yi?”

Ya tauna goronsa, ya tofar, ya ce, “Ba ka yi komi ba. Ai kiɗan ga ba naka ba ne, na marigayi ne, kai kwahewa kay yi. Tunda yana cikin takarda, ko jaki anka koya ma ƙirga sai shi kaɗa. Koma ga allinka.”

Aka kwashe da dariya. Har mai goron, wanda na koya wa 'ya'yansa uku karatu lokacin da nake koyarwa a can, sai da ya riƙe ciki. Na tsaya kunnuwana suna zafi. Shekara bakwai ina ɗauke da muryar mutumin nan a yatsuna, ina bin ta duk inda ta gangara, yau ni ne jaki. Maganar ta zo mini har baki, in faɗa masa gaskiya nan take. Sai na haɗiye ta, ba don tausayi ba. Na ga rumfar mai goro ta yi mini kaɗan.

Washegari na kai molo da littafi har gida. Ban yage ko shafi ɗaya ba, ban sauya ko lamba ɗaya ba. Har na zauna da mai gyaran rediyon yammaci uku ina koya masa karatun layukan, da zuciya ɗaya a fuska. Yana da hannu, ba zan zalunce shi ba, kuma yana da ladabi, Malam kaza Malam kaza. Ya tambaye ni, “Malam, akwai abin da ya rage wanda ba ya ciki?” Na ce duk abin da na rubuta yana nan, ka bi shi sak, kada ka kauce. Na san ba za a gane komai a gida ba, domin Maigida ba ya buɗe murya kafin ranar biki, wai tsoron baki. Sai dai ya yi ta gunguni ƙasa-ƙasa yana kaɗa kai.

Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ta gane ni. Ta gan ni ina goge takalmi ranar bikin, ta ce, “Ina za ka, ba an kore ka ba?” Na ce kallo za ni. Ta dube ni ta ce, “Wanga murmushi naka ba na lahiya ba ne. In akwai abin da kas sani, ka tai ka hwaɗa mashi. Ya girme ka.” Na ce to, Inna. Na hau babur ɗan haya na tafi, ban faɗa wa kowa komai ba.

An taru a ƙarƙashin wata babbar tsamiya bayan azahar. Fulani sun zo daga rugage har na wajen Bukkuyum, mata da ƙoren nono a gefe, dattawa a kan tabarmi, Ardo a kujera. An rataye lasifika a reshe, an jona ta da batirin mota. Mai kaset ya kafa na'urarsa a kan benci. Na samu wuri a sahun gaba, inda Maigida ba zai iya ɗaga ido bai gan ni ba, na harɗe ƙafa na ɓare gyaɗa.

Ya yi gyaran murya, ya ja gaisuwa. Na ji ta sarai, tabo uku a ƙasa, har yatsana ya motsa a kan gwiwata. Mai rediyo ya danne shafi da dutse kamar yadda ya ga ina yi, ya shiga taken Ardo daidai yadda yake a rubuce, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Rabon da in ji kiɗan nan a wurinsa na asali shekara shida. Maigida ya buɗe baki ya bi molo, kamar yadda yake zaton ya saba.

Baitin farko ya kai da ƙyar, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Ya harari mai rediyo, mai rediyo idonsa yana kan takarda. 'Yan amshi su ma suka karɓa da ƙyar. A baiti na biyu akwai wurin da ake kiran kakan Ardo, a ja sunan sama a riƙe shi. Nan ne kowa yake jira, nan ne mata suke guɗa. Maigida ya ja numfashi ya tafi, sai muryar ta tsage. Wani irin ƙara ya fito ta lasifika kamar na ɗan zakaran da yake koyon cara. Ya sake gwadawa, ta sake tsagewa, wannan karon har da tari. Wata mata ta fashe da dariya ta toshe baki da gyale, sai dariyar ta bazu. Ardo ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa. Mai rediyo ya gane akwai matsala, ya yi ƙoƙarin saukowa, idonsa yana ganin biyar hannunsa ya rasa inda zai je, ƙaramar tsirkiya tana ta ihu ita kaɗai, kiɗan ya watse gaba ɗaya.

Ni kuwa daɗi na ji. Ba zan yi ƙarya ba, wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Na ci gaba da cin gyaɗata.

Maigida ya dube ni. Zufa tana bin gemunsa. Ya kauce wa abin magana ya ce a hankali, “Malam, don Allah.” Na yi kamar ban ji ba. Ya sake cewa, “Malam, zo ka kama man.” Sai da ya faɗa sau uku, har na kusa da ni suka fara taɓa ni, sannan na karkaɗe ɓawon gyaɗa na tashi. Na karɓi molon, na zauna, na jawo littafin gabana. Sannan na jawo abin maganar kusa da bakina, na tabbatar na'urar mai kaset tana juyawa, na ce, “Maigida, za ni sauke maka da tabo uku, yadda nis saba. Shekara shida ke nan muryarka ba ta kai abin da ke cikin takardar ga. Bismilla.”

Kowa ya ji, har matan da suke can bayan shanu. Na shiga taken, na shimfiɗa masa shi daidai inda yake iyawa. Ba shi da yadda zai yi, ya hau. Kuma waƙar ta yi kyau, abin haushin ke nan gare shi, ya kira kakan Ardo ya riƙe sunan har mata suka yi guɗa. Amma guɗar ba ta hana kowa tuna abin da ya ji ba. Da aka gama na ajiye molon a tabarma, ban karɓi ko ruwa ba, na nemi babur na koma Anka. Mai kaset bai goge komai ba. Kafin wata ya ƙare, ana jin tsagewar muryar da maganata a rumfunan shayi daga Gummi har Bukkuyum.

Bayan kwana goma sha wani abu, ina cikin aji da hantsi, aka ce ana sallama da ni. Na fito na same shi a gindin dalbejiyar makaranta, shi kaɗai, da molon a cikin buhu. Ya rame. Muka gaisa kamar baƙi. Bai ba ni haƙuri ba, irinsu ba su iya ba. Ya zaro molon ya miƙo mini ya ce, “Gwada man inda marigayi ka kaɗawa.” Na ɗora yatsa a kan tabo na huɗu. Ya ce, “Yanzu fa ina nike?” Na ja yatsan baya, uku, biyu, ɗaya, na tsaya. Ya daɗe yana kallon ɗan wurin da ya rage tsakanin yatsana da ɗaurin tsirkiya a saman wuyan.

Ya ce, “Saura nawa, Malam?”

Na ce, “Saura ɗaya.”

“In an sassauta tsirkiyar fa?”

Na ce in an sassauta ta wuce haka molon ya mutu, sai ka ji kamar ana bugun buhun dawa. Na ce daga nan babu inda za a je, Maigida, ko marigayi ne ya dawo.

Ya gyaɗa kai. A harkar molo bai taɓa musa mini ba, don bai san komai a ciki ba. Ya mayar da shi cikin buhu, ya ɗaure bakin da kyau, ya ce in gaida Inna. Na bi shi da kallo har ya fita ƙofar makaranta yana tafiya kamar mai ciwon baya.

Ƙarya na yi masa. A ɗakina, bayan ƙofa, akwai wani molo mai dogon wuya da kaurin tsirkiya, wanda na sa wani masassaƙi a Bukkuyum ya yi mini tun kafin ranar kasuwar nan, saboda na ga inda muryar ta nufa. Da shi zan iya bin Maigida shekara goma, ko fiye, har ya tsufa yana waƙa ba tare da ya san komai ba. Tafiyar minti biyar ce daga makaranta zuwa gidana. Na tsaya a gindin dalbejiyar na auna minti biyar ɗin nan, na tuna dariyar mai goro, na koma aji na ci gaba da darasin lissafi.

Bai sake waƙa a gaban jama'a ba. An yi ta aiko masa da goro yana mayarwa, har aka daina aikowa. Ya koma noman albasa a fadama, ya yi shekaru yana yi, ya rasu. Na je gaisuwar, na zauna a tabarma tare da kowa, na yi masa addu'a da bakina. Babban ɗansa ya kama hannuna ya ce Baba ya sha faɗa musu cewa a duk waɗanda ya zauna da su, Malam ne kaɗai ya taɓa gaya masa gaskiya. Na ce Allah ya jiƙansa, na nemi takalmana.